Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya: Tanadin Kalaci a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk wanda Allah Ya nufa ya taɓa kwana a garin Tambuwal, wanda ke bisa babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, ko kuwa ya gangara kudu ya kwana a Kebbe, can inda Gulbin Zamfara ke bi kafin ya shiga Jihar Kebbi, in ya fito bayan an sallame sallar Asuba ya ɗan zaga cikin unguwa, zai tarar hayaƙi ya riga ya fara tashi ta bayan katangu da darni, yara sun fito da kwanoni a hannu, mai koko ta zauna a ƙofar zaure, mai ƙosai ta ɗora kasko, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi yawancin mutanen gari sun sa wani abu a ciki sun kama sha'aninsu. Baƙo zai zaci duk wannan aikin safiyar nan ne, alhali kuwa in ya bincika zai ga kusan babu abin da ake ci a wannan sa'a wanda aka fara shi a cikinta. Geron kokon tun shekaranjiya aka jiƙa shi, ƙullin masa ya kwana yana tashi a cikin ƙwarya, tuwon da ake ɗumamawa tun jiya da almuru aka tuƙa shi, hatsin da aka yi su duka da shi kuwa tun kaka yake cikin rumbu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari shi ne, a 'yan shekarun nan na sha jin matasa, maza da mata, suna ba da labarin yadda suka ga matan Turai da Amurka a talabijin ko a wayar hannu suna zama ranar hutu su tsara abincin mako guda, su dafa, su zuba a robobi su jera a firij, suna kuma faɗar haka da sha'awa irin ta wanda ya ga wani sabon ilmi da bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Ba na zargin mai koyon abu mai amfani daga ko'ina ya zo. Amma ina jin ciwon a ce 'yar Tambuwal ko ta Dogon Daji ko ta Kuchi ta tashi a gaban kakarta, wadda ta shekara hamsin tana ciyar da mutum ashirin ba firij ba lantarki, kuma ba a taɓa wayar gari a gidanta yaro ya fita da yunwa ba, sa'an nan ta girma ba ta san cewa abin nan da tsohuwar ke yi fanni ne mai ƙa'idoji, wanda ya cancanci a koye shi kamar yadda ake koyon saƙa ko lissafi ba.

Al'amarin yana da tushe a cikin addini, ba al'ada ba ce kawai. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda suka karantar da Risala da Muhtasar a zaurukan ƙasar nan, sun tabbatar cewa nafaƙar iyali wajibi ce a kan mai gida gwargwadon halinsa da al'adar garinsu, kuma abin da yake wajibi kullum ba ya tsayuwa sai da tadbiri. Akwai masu ganin cewa ajiye abincin gobe rauni ne a cikin tawakkali. Waɗannan sai su tuna ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda, shi da babu wanda ya kai shi dogara ga Ubangiji. Su kuma tuna ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, wanda da aka kawo masa mafarkin sarkin Masar ya ba da shawarar a yi noma shekara bakwai, a bar abin da aka girbe a cikin zangarniyarsa, a riƙa ɗiban kaɗan ana ci, domin shekarun ƙunci masu zuwa. Ni kam ban taɓa tsayawa gaban rumbun da aka cika da damman gero ba tare da wannan ƙissa ta faɗo mini a rai ba, gama abin da manomin Jabo ko na Sanyinna ke yi ke nan har yau: ba ya sussuke geronsa duka, yana barinsa a zangarniya, domin ya gada daga iyaye cewa hatsi ya fi daɗewa a haka, ƙwari ba su saurin cin ƙarfinsa, kuma hannu ba ya saurin kai masa.

Wannan batu na hannu ba ƙarami ba ne. Hatsin da ke cikin buhu a ɗaka ana iya ɗibarsa da dare a kai kasuwa saboda wata 'yar bukata da ba ta kai ta kawo ba, amma dami sai an hau rumbu, an sauko da shi a idon jama'ar gida, an sussuka, an sheƙe, kafin ya zama abin sayarwa, kuma a tsakanin hawa da sheƙewa sau da yawa hankali yakan dawo. Mutanen wannan yanki suna da dalilin da ya sa suka riƙe wannan tarbiyya. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna bayan jihadi yana tsaron wannan sashe na daular da mahaifinsa ya kafa, garin ribaɗi kuwa ba ya zaunuwa sai da cimaka a ajiye. Bayan haka ƙasar Hausa ta ga yunwar 1914 wadda ake kira Kakalaba, ta kuma ga farin 1973 wanda har yanzu akwai dattawan da suka gan shi da idonsu, kuma daga bakinsu ne ake jin cewa gidan da ya rayu da mutuncinsa a irin waɗannan shekaru shi ne wanda ke da rumbun da ba a taɓawa sai wuya ta kai wuya.

Saboda haka matakin farko na shirin karin kumallo lissafi ne da mai gida zai yi da kaka, bayan ya fitar da zakka, wato ushuri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushuri ga abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala, in amfanin ya kai nisabi. A misali, gidan da ke cin kwano guda na hatsi kowace rana, tsakanin tuwo da koko da fura, zai ci kwano 30 a wata, kwano 360 da 'yan kai a shekara, wato buhu tara da ɗoriya in buhun mai cin kwano 40 ne, ban da na baƙi, da na suna da biki, da zakkar fid-da-kai, da irin shuka. Wanda ya zauna da uwargidansa suka yi wannan hisabi a watan da aka shigo da amfani ya san abin da zai iya sayarwa da abin da haramun ne a kansa ya taɓa. Wanda bai yi ba shi ne za ka gani yana sayar da gero da araha da kaka, ya koma yana auno shi da tsada a cikin marka, lokacin da noma ya fi bukatar ƙarfin jiki.

Mata kuma suna da nasu rumbun, ko da yake ba a gina shi da laka. Da kaka da farkon ɗari, sa'ad da kayan miya suka yi arha, mace mai tattali takan yanka kuɓewa ta shanya, ta daka kuka ta tankaɗe, ta tsaga tumatir da tattasai ta busar, ta ajiye barkono da daddawa da kanwa da tsamiya, ta kuma nemi gabu, wato busasshen ganyen albasa, wanda ba ya wuya a nan tun da Aliero, garin albasa, maƙwabciya ce. Miyar da za a yi cikin rabin sa'a a watan Yuli an gama rabin aikinta tun watan Janairu. Wake ne kaɗai ya daɗe yana ba mutane wahala saboda ƙwaron nan da ke huda shi, har wasu suka shiga zuba masa magungunan da ba a yi su don abinci ba, abin da yake haɗari ne ga rai ƙwarai. Tun wajen 2007 aka fara yaɗa wani buhu a Afirka ta Yamma mai suna PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na ƙasashenmu. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu guda, a ɗaure kowace dabam, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Jarka mai murfi da ke rufuwa ruf ita ma tana yin wannan aiki, muddin waken ya bushe sarai kuma an cika ta har baki.

Daga shekara sai mako, kuma a nan ne nake da magana da 'yan'uwana maza. A ƙasarmu kasuwa mako-mako take ci, kuma ranar kasuwa ce ranar da kaya suka fi yawa, suka fi sauƙi. Hankali zai ba da cewa ranar ce mai gida zai auno abin da babu, ya sayo manja da man gyaɗa da gishiri da busasshen kifi na kwana bakwai, ya damƙa wa mai girki, ita kuma ta san yadda za ta karkasa. Amma abin da ya yawaita yanzu shi ne mutum ya fita da safe bai ce komai ba, sai rana ta take ko bayan La'asar ya aiko yaro da kuɗin cefane, sa'an nan a fara neman wanda za a aika, a yi surfe a gurguje, a kai niƙa a tarar da layi, a ɗora tukunya bayan Magariba, a ci tuwo yara sun riga sun yi barci. Matar da aka yi wa haka ba ta da halin tunanin gobe, gama yau ma ba ta same ta a kan kari ba. In aka wayi gari babu abin karyawa sai a ce ba ta da tsari, alhali an ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ita ce ta riƙe goran ba. Na san akwai wanda sai ya fita ya yi aikin yini sa'an nan yake samun abin da zai kawo, kuma wannan ba shi nake nufi ba, Allah Ya buɗa masa. Ina nufin wanda yake da halin bayar da na mako, amma ya zaɓi bayar da na yini saboda yana ganin riƙe kuɗin a aljihunsa shi ne riƙe girman gida.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin niƙa da na mota suka tashi, hikimar yin abu gaba ɗaya ta ƙara fitowa fili. A surfa hatsin kwana huɗu ko biyar a rana guda, a wanke, a shanya ya bushe ƙwarai, a kai inji sau ɗaya, a baza garin ya huce kafin a rufe shi, domin garin da aka rufe da ɗuminsa yakan yi gumi ya canza wari. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, inda ake karɓa-karɓar girki kwana bibbiyu, tsarin yana da wani ladabi nasa wanda ya kamata a kiyaye. Mai fita girki ba ta barin madafa kango. Za ka ji ta ce wa abokiyar zamanta, "Yaya, ga geron nan na jiƙa tun da rana, kuka ta kusa ƙarewa, amma daddawa za ta kai jibi." Uwargida kuma ta amsa, "Sannu da aiki, Allah Ya yi albarka." Inda aka rasa wannan, kowace ta ɓoye nata, yara ne ke kwana a tsakani.

Yanzu sai mu zo ga dare, ga kuma sarkin karin kumallon ƙasar Hausa, wato ɗumame. Na ga yadda wasu 'yan boko ke jin kunyar ambatonsa, kamar abincin rashi ne, suna ganin shayi da burodi ne alamar ci gaba. Ɗumame ba ragowa ba ne da aka rasa yadda za a yi da ita. Mai girki tun tana zuba gari a talge ta riga ta ƙidaya bakunan dare da na safe, ta tuƙa da niyyar biyu, ta kwashe malmalar safe dabam kafin kowa ya sa hannu. Da itace guda, da wahala guda, ta yi kalaci biyu, kuma wanda ya ci ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka ya ɗauki fartanya ya san zai kai Azahar bai waiwayi gida ba, abin da burodi ba ya yi wa kowa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Har masana masu fito da sabon irin dawa a Afirka ta Yamma sun gane haka, domin a cikin abubuwan da suke jarrabawa kafin su miƙa wa manoma iri akwai ko tuwonsa yana kwana da ƙarfinsa ko kuwa yakan saki ya yi ruwa, gama sun ga cewa dawar da tuwonta ba ya kwana mata ba su karɓarta kome yawan amfaninta a gona.

Sai dai kwanan abinci yana da sharuɗɗa, kuma gaskiya ita ce ba kowane gida ke cika su ba, shi ya sa wani lokaci akan wayi gari da ciwon ciki da gudawa a ce iska ce ko sammu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, sun fi hayayyafa a cikin dafaffen abinci in zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, ta kuma yi gargaɗin kada a bar shi a haka fiye da sa'a biyu, in kuwa za a sake ci a ɗumama shi har zafi ya ratsa ko'ina. Ɗakunanmu kuwa, musamman a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato, suna tsakiyar wannan haddi dare da rana. Abin da ke tsare mu shi ne ƙa'idojin da tsofaffi suka riƙe ba tare da sun san sunan ƙwayar cuta ba: tuwon safe ba a cin rabinsa a bar rabi, ba a taɓa shi da hannu, a kwashe shi da mara mai tsabta a rufe da faifai inda iska ke ratsawa, miya a sake tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara tsoma ludayin da aka lasa, da safe kuma a yanka tuwon ƙanana, a sa ruwa kaɗan a tukunya, a bar shi a wuta har tururi ya fito daga tsakiyarsa, miyar ma ta tafasa sosai. Ɗumamen da bayansa ke da zafi cikinsa da sanyi ya fi wanda ba a ɗumama ba yaudara. Tuwon da aka tuƙa da ruwan tsamiya ya fi jure kwana, saboda tsami yana hana yawancin ƙwayoyin nan sakewa. Wanda ya yi yauƙi ko ya canza wari kuwa a ba dabbobi, kada a ce israfi ne, domin kiyaye lafiya yana gaba da kiyaye malmala.

Shinkafa tana bukatar kashedi na musamman, tun da yake mutanen fadamun Kebbe da na maƙwabtansu suna nomanta suna kuma cinta da yawa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a cikinta wadda dafuwa ba ta kashe ƙwanta, in shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta farka ta zuba wani dafi wanda ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa, yana sa amai bayan 'yan sa'o'i. Don haka dafaffiyar shinkafa da tuwonta su ne mafi ƙarancin dacewa da kwana a lokacin zafi, in ba firij mai aiki, kuma ƙananan yara da tsofaffi da masu ciki ba su ne za a gwada da su ba.

Koko kuwa, a ganina, shi ne inda hikimar matanmu ta kai maƙura, domin a nan sun mai da abin da ke ɓata abinci ya zama mai tsaronsa. Ana jiƙa gero kwana ɗaya ko biyu, a rege, a wanke, a zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta, dusar ta tafi wajen awaki, ruwan kuma a bar shi ya kwanta har gasara, wadda wasu ke kira kamu, ta taru a ƙasa. Tsamin nan da take yi aikin wasu ƙwayoyi ne masu amfani, 'yan'uwan waɗanda ke mai da madara nono, kuma da zarar sun yi rinjaye masu cutarwa ba su samun wurin zama. Gasarar da ake tsiyaye ruwan kanta ana zuba sabo kowace rana takan yi kwanaki, a riƙa ɗiba ana damawa da tafasasshen ruwa cikin ɗan lokacin da bai fi na alwala da nafila ba. Mai son ta daɗe fiye da haka sai ta matse ta a buhu mai tsabta, ta marmasa ta shanya a rana a rufe da ƙyalle mai shara-shara, ta bushe ta zama gari, wanda zai yi makonni a cikin gwangwani. Sharaɗi guda ne ba a sassauta shi: ruwan damu ya tafasa sosai, kokon ya dahu, kuma wanda aka dama da safe kada a ajiye wa jariri shi har yamma.

Amma koko shi kaɗai ba ya gina yaro, ko da ya cika masa ciki, shi ya sa aka haɗa shi da ƙosai tun fil azal. Ƙullin wake ba ya kwana, yakan yi tsami ya lalace, sai dai abin da ke cin lokaci a ƙosai surfe ne, shi kuwa ana iya yinsa tun da wuri: a ɓarza waken mako guda, a fece ƙowar, a ajiye shi a bushe, da Asuba a jiƙa na ranar, ya yi laushi nan da nan. Ƙullin masa shi kwanan ne ma gyaransa. Fura, wadda Basakkwace ke kira hura kuma ba ya yarda a haɗa tasa da ta kowa, ana kirɓa ta da yamma a dama da nono da safe, matafiya da alhazan da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa kuwa busar da ita suke yi ta zama guzuri. Ga mai yaye ko mai 'yan makaranta, babu kamar garin kunu da aka haɗa tun da wuri: a soya gero ko dawa sama-sama, a soya waken suya da gyaɗa, a tsince duk gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna domin tana ɗauke da dafi mai cutar hanta, a niƙa su tare, a ajiye a mazubi mai murfi. Ma'aikatan lafiya suna kiran irin wannan haɗi Tom Brown, suna koya wa mata shi a asibitoci, amma duk kayansa daga gonakinmu suke fitowa.

Wanda ke da firij da tsayayyar wuta, ko ta hasken rana, ya gode wa Allah ya yi amfani da shi, sai dai ya sani firij ɗin da wuta ke zuwa masa tana ɗaukewa yini guda ba amintacce ba ne ga miya da nama. Wanda ba shi da shi kuma akwai dabarar da wani malamin makaranta ɗan Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, sai tumatir da tattasai da ganye su yi kwanaki ba su yanƙwane ba. Ta fi aiki a lokacin rani da iska ke bushe, ba kuma a yi ta don dafaffen abinci ba, amma ga cefanen ranar kasuwa ta isa, kuma maginan tukwane ba su ƙare a ƙasarmu ba.

Akwai wani abu na ƙarshe da tsofaffin mata ke yi wanda nake tsoron ya tafi tare da su. In an kwashe tuwo, abin da ya kama a gindin tukunya ba a jiƙa shi a zubar. A bar shi a kan garwashin da ya rage har ya ɗago da kansa, a ɓamɓare, a shanya a kan faifai bisa rufin ɗaki ko danga, in ya bushe ƙarau a zuba a buhu a rataye. Wannan shi ne ƙanzo, kuma ana tara shi kaɗan-kaɗan tun daga kaka, watan da babu wanda ke waiwayarsa. Sai marka ta zo a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, ruwa ya kwana yana zuba har an rasa inda za a hura wuta. A irin wannan safiya ce tsohuwa takan sauko da buhun nan, ta daddaka ƙanzon, ta jiƙa shi ya yi laushi, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa, in da dafaffen zogale ta zuba, ta ɗiga ɗan man gyaɗa, ta kwaɗa a babbar ƙwarya. Ta ɗebi na almajirin da ke tsaye a zaure ya takure saboda sanyi, ta miƙa wa jikanta ta ce, "Ungo, kai wa ɗan malam, ka dawo ku ci naku ku bi babanku gona kafin ruwan ya dawo."